Murfin da Patron Ya Ƙi Saya

Talata, bayan isha'i

Yau injin yankan ciyawa da nake turawa ya harba dutse, ya fasa goshin Kossi mai gadi. Jini har ƙirji.

Sau uku ina roƙon maigida, wato Patron, ya sayo murfin bakin injin, irin wanda zan rufe da hannu in mutum ya gifta. Ya ce wai kwalliya ce. Yau da ya fito, motarsa ya fara dubawa, sannan ya juyo kaina: "Sule, makaho ne kai?"

Na ce, "Patron, ba murfi, ba aiki." Ya nuna min ƙofa.

Ni na kai Kossi asibiti a kekena. Ba zan ƙara taka Djidjolé, unguwar Patron, ba. Bari ciyawar ta cinye gidansa, mugun banza.