Surin da Baba Ya Tsaya Kallo

Dangora, ran Talata, Maris 1955

Zuwa ga uwargida Maijidda,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen gidanku na Bebeji. Yaya zafi? In kin tambayi tawa lafiyar, da sauƙi, sai dai yunwa.

Tunda kin ƙi fitowa ranar da na zo biko, bari takarda ta shiga inda ban isa ba, ai ba a banza kika yi ajin yaƙi da jahilci ba. Har gobe ina kan bakana, ban wulaƙanta Gwaggo Dije ba. Na wuce ta ƙofar gidanta da lodi, na matsa mata odar mota, kuma duk direban duniya ya san wannan gaisuwa ce. Ke kuwa kin ce mai karaya ba a duba shi da oda, kika ɗaure kayanki kika yi yaji. To, na ji.

Kin san hukuncin da Baba ya yanke: in ɗauke shi a motar maigidana zuwa Jos, in mun dawo ya faɗi ko za ki koma ɗakinki. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na tsara masa wuraren da zai gani ya san ba ƙaramin mutum 'yarsa ta aura ba: dajin Falgore inda birai ke tare hanya kamar 'yan doka, da Riruwai inda ake haƙar kuza da injin da ya fi ɗaki girma, da ruwan nan mai zubowa daga kan dutse. Baba ya gyaɗa kai ya ce madalla, amma mu fara da Kiru. Maijidda, Kiru fa ba ta kan hanya! Wai akwai abokinsa na zamanin fatauci, Malam Shitu, wanda jakinsa ya mutu bara, bai samu zuwa jaje ba.

Daga jajen jaki muka wuce barkar haihuwa, daga can muka je ganin wata rijiya da ya sha ruwanta yana saurayi, wadda ta ƙafe tun ba a haife ni ba. Yau muna gidan Gwaggo. Na tsugunna har ƙafata ta mutu. Ta ce ta yafe, ta ma ji odar ran nan, sai dai ta zaci akuyarta aka take.

Babbar masifar ita ce abinci. Duk gidan da muka shiga sai an fito da tuwo ko fura ko dambu, a dire tsakanina da Baba. Ni kuwa da wane baki zan tauna a gaban suruki? Sai in sunkuyar da kai in ce na ƙoshi. Shi kuma ya shaida wa masu gida cewa yaron nan ba shi da ci, ya ja kwanon gabansa. Ga shi ba ya rabuwa da ni. Masallaci tare, masauki tare. Na ce zan duba inji don in ɗan jefa gyaɗa a baki, ya biyo ni, wai yana son ganin inda wutar take. Takalmi ma na cire don yana zaune kusa da ni, tafin ƙafata ya gasu a kan totur.

Ba ƙorafi nake yi ba. Gidanmu babu ke ba gida ba ne, kuma in jajen jakunan ƙasar Kano duka ne zai dawo da ke, zan je. Ki gaishe da Inna.

Naki har kullum,
Ɗanliti


Doguwa, ran Alhamis

Maijidda tawa,

Ina gaisuwa, ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar ni cikin ƙoshi. Ki riƙe wannan kalma, bayani na tafe.

A Tudun Wada mun shiga gidaje har na daina tambayar na wane ne. Da za mu tashi, wani Malam Jibrin ya ba Baba guzuri, soyayyiyar kaza da waina a kwano mai murfi. Baba ya ɗora a cinya, ƙamshi ya cika gaban mota. Muka shiga Falgore, abin da na fi ɗoki ya gani, ya yi barci tun daga bakin daji har ƙarshensa. Birai sun fito kuwa. Ɗaya yana cin wani abu a gefen hanya, wallahi na yi masa hassada. Riruwai kuma ya soke ta, wai ba shi da kowa a can, dutse ba ya amsa sallama.

Bayan mun fita daga dajin idona ya fara ganin hanya biyu don yunwa. Mota ta karkata, saura ƙiris mu faɗa kwazazzabo. Baba ya farka, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai ya ce in tsaya, ya hango wani suri da bai taɓa ganin irinsa ba. Maijidda, suri ne kawai, irin na bayan gidanku ya fi shi tsayi. Ya sauka, ya ajiye kwanon a kan kujerata a buɗe, ya ce suri irin wannan ba a kallonsa da gaggawa, kada in kira shi. Ya je ya zauna a ƙasa cikin rana, ya ba mota baya.

Na ci ina hawaye, ban bar ko ƙashi mai laushi ba. Da ya dawo ya leƙa kwano, sai ya ce lalle biran ƙasar nan ɓarayi ne, har suɗe kwano sun iya. Ban ɗaga kai ba, shi ma bai dube ni ba.

Da muka iso Doguwa ya ce ba sai mun kai Jos ba. Wai wanda ya yarda yunwa ta kashe shi don kunyar suruki, mai oda ne amma ba marar mutunci ba, in mun dawo in zo in ɗauki matata. Na faɗi ina godiya, ban gama ba ya ƙara da cewa Inna ma ta daɗe tana son ganin danginta, don haka tafiya ta gaba da ku biyu za a yi, ku a gaban mota. Na tambaya a ina dangin suke. Ya ce sun fara daga Kiru, ba su ƙare ba sai Saminaka.

Na amsa, kuma da zuciya ɗaya na amsa. Abu guda nake roƙo, don girman Allah. Kafin ranar, ki daka mini dakuwa mai yawa ki ɓoye a ƙarƙashin kujerar direba, don ban sani ba ko Inna tana kallon suri.

Mijinki mai kewarki,
Ɗanliti