Hatimin YAUWA da Wuƙar Ƙarfen Lema

Anti mai fili, a taimaka mini don Allah, kaina ya kulle. Ni ne shugaban wani babban kamfanin ƙera hatimai, ma'aikata sun fi ɗari uku a ƙarƙashina, ban cika rubuta wa jarida ba sai abu ya kai.

Muna da wata babbar injiniya, ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Robar goge fensir ɗin nan da yara ke taunawa, ita take yankawa gida huɗu, ta sassaƙa ganye a wannan, kifi a wancan, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba. Ganye ɗaya za ta dinga dangwalawa a soso mai tawada tana bugawa, kafin ka ƙifta ido bishiya ta tsaya a bayan ambulan. Takardar naɗe kaya, bakin hankici, alamar shafin littafi, har labulen ɗakin Mama, wato labulen ofishina, duk ta ƙawata su. Wuƙar aikin ma da kanta ta wasa ta daga ƙarfen tsohuwar lema, sati biyu tana gogawa a dutse. Ba ta yarda ko inuwar mutum ta faɗa a kanta.

Abin da nake tsokanarta da shi kullum madubi ne. In za ta sassaƙa rubutu sai ta jingina shi kusa da keken ɗinki tana leƙawa. Nakan ce mata ko robar ce za ta yi kwalliya. Ita kuwa sai ta ci gaba da aikinta.

To, wata malamar ƙananan yara ta ce a yi mata hatimai na buga wa ɗalibai a littafi in sun yi ƙoƙari. Sai shaiɗan ya raya mini in sassaƙa nawa karkatacce in jefa cikin gwangwanin da take tara su, in ga idon injiniya in ta buga shi. Ni allo kawai na yi, ban iya baƙaƙen boko ba, don haka na sa ƙaramar sakatariyata ta zana mini YAUWA harafi bayan harafi. Na ɗauki na farkon na ajiye shi a hannun dama, yadda Malam ya koya mana, na yi ta tafiya hagu. Ina kan na ƙarshe tsinin wuƙar injiniya, da na ɗauka a ɓoye, ya ce ƙas.

Anti, abin dariyar ya ƙi zama abin dariya. Da aka buga, rubutun ya fito daidai. Malamar ta aiko cewa yara har kuka suke in ba YAUWA aka buga musu ba. Ita kuwa injiniya ta san ba hannunta ba ne. Ta riƙe guntun wuƙar ta daɗe tana kallo, ba faɗa ba zagi, ta ce wanda ya san haruffa shi ya yi. Ta hana sakatariya shiga ɗakin, alhali yarinyar ita ke jera mata hatimai tun tana rarrafe. Yau kwana tara.

Ni kuma tun da na ji yadda roba ke bin wuƙa ba na son komai sai ta koya mini. In na faɗi gaskiya, anya za ta sake bari in taɓa ko soson?

Tunda na zo nan, bari in sauke rawanin. Ba kamfani, ba ma'aikata. Injiniya Yayata ce, ni ne ƙanenta da ake kira Sarkin Tsokana. Wannan rubutun ma na Auta ne, wato sakatariyar, ni faɗa kawai nake, ga ta nan tana hararata.

*

Ranka ya daɗe shugaba, tun daga labulen Mama na gane girman kamfanin.

Ɗana, wasiƙarka rabinta yabon Yayarka ne, kuma ta cancanta. Amma ita ba ta taɓa jin ko kalma ɗaya daga ciki ba, tsokana kawai take ji. Fushinta yana kan hanya: sati biyu na hannunta ka karya. Kai ma ba mugunta ka nufa ba, kuma akwai baiwa a yatsunka. Wadda ba ta da laifi ko kaɗan ita ce Auta, ta rufa maka asiri kwana tara, ta kuma riƙe maka biro. Kada a kai na goma.

Ka nemo ƙarfen lema ka fara gogawa a dutse da kanka. Ko bai yi kyau ba ka kai mata shi, ka faɗi abin da ka yi a gaban Auta, ba tare da wasa ba. Kada ka roƙi koyo a ranar. Ka bari ta huce.

Sannan ka sani sa'a ta taya ka. Hatimi a juye ake sassaƙa shi, amfanin madubin ke nan. Allo ya ba ka rabin sirrin da ka fara daga dama, haruffan YAUWA kuma kowanne damansa da hagunsa ɗaya ne, shi ya sa ba su tona ka ba. Aikinka na gaba, da reza taka ta kanka, shi ne NA TUBA. Harafin N da B za su tura ka aron madubi, ka ga dalilin yin sallama a ƙofarta ya samu.

Allah ya sanyaya zuciyar Yaya, ya yi wa hannunka albarka. A gaishe mini da sakatariya, rubutunta ya yi kyau.