Inna na son waƙar da na yi alƙawarin gogewa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, ka saka maganar yadda na rubuto ta. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfina.

Na daɗe a group ɗin nan, kuma ba a san ni da shiru ba. Kowa ya saka waƙa sai na tsoma baki, in ta yi daɗi in yaba, in kuma kiɗan kwamfuta ne aka lafta a kan muryar da ko a gidan suna ba za ta yi kasuwa ba in faɗa, an sha yi mini ca a kan haka. Amma tun da admin ya ce kowa ya kawo labarin wasan da ya taɓa halarta wanda ba zai manta ba, ina ta karanta naku, na Kano, na Damagaram, har da na Kumasi, ban ce uffan ba. Ba rashin labari ba ne, labarin ne ya zame mini ƙarfen ƙafa.

Ni tela ne a Briqueterie, nan cikin Yaoundé. Shagona ɗan ƙarami ne, keke biyu da benci da wata tsohuwar sifika da ta girmi aurena. Ba na iya taka keke in babu kiɗa. Da safe kalangu da garaya na mutanen da, in rana ta ɗaga in sa na fina-finai saboda mata masu kawo ɗinki, in maƙwabcina mai gyaran waya ya dame ni da bikutsinsa, kiɗan mutanen nan garin, in ƙara murya, shi ma ya ƙara, har sai mai shayi ya taso ya raba mu. Wanda ya koya mini wannan mayatar abokina ne, zan kira shi Hamadu amma ba sunansa ba ne. Lungu ɗaya muka tashi, shi mahauci ne, yana saran nama yana waƙa, wallahi akwai matan da ke baro kasuwar Mokolo su zo teburinsa ba don namansa ya fi ba. Bai taɓa shiga sitidiyo ba. Biki ne, suna ne, a kira shi ya yi, mu 'yan rakiya mu ɗauka a waya.

Wasan da ba zan manta ba nasa ne. Wata babbar sallah samari suka kama wani zauren biki a unguwar Tsinga, suka ce za su kawo babban mawaƙi daga Najeriya bayan la'asar. Wuri ya cika, zafi, turare, yara na kuka, babban mawaƙi shiru, wai mota ta lalace masa a hanya. Mutane suka fara ihu suna jifa da ledar ruwa. Sai masu shiryawa suka zo suna roƙon Hamadu ya hau ya riƙe musu jama'a. Rigar da ke jikinsa ni na ɗinka, a cikin taksi na ƙarasa maɓallin wuyan muna matse mu huɗu a baya, yana zagina ina zaginsa. Ya hau shi da mai kalangu ɗaya. Bai yi nisa ba aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, makirufo ya mutu, na ce shi ke nan yau za a jefe abokina. Sai kawai ya ajiye makirufon ya matso bakin dandamali ya ɗauko wata waƙa da ban taɓa ji ba, waƙar da ya yi wa mahaifiyarsa. Yadda take tashi da asuba ta soya ƙosai, yadda take ajiye masa na ƙasan kasko ba ta ce nasa ba ne. Zauren nan ya yi tsit, har mai kalangun ya sassauta hannu. Na ga ƙattin mahauta suna goge ido da hula. Ni ina ɗauka a waya, a ƙarshen ma ana jin muryata ina ihu kamar zararre. Da babban mawaƙin ya iso daga baya, ban ma tuna abin da ya rera ba.

Dole in yi muku bayanin mahaifiyar tasa, muna ce mata Inna. Bafulatanar Garoua ce, kuma Hamadu ne ɗanta na fari, kun san kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa dariya a gaban mutane, in za ta tambaye ni shi sai ta ce ina abokinka. Da aka gaya mata yana waƙa a gidajen biki, Allah ya shirya kawai ta ce ta ci gaba da tankaɗe. Shi kuwa ya ɗauka ta tsani abin, ya sha gaya mini cewa Inna kunyar muryarsa take ji. Ko waƙar nan bai taɓa yarda a kunna ta kusa da gidansu ba.

Bayan wasu shekaru Hamadu ya bar waƙa. Ya kama zuwa karatu, ya daina zuwa biki, amma bai taɓa yi mini wa'azi ba, in ya shigo shago ni da kaina nake rage sifika. Sai ciwon hanta ya kama shi. A asibiti, ranar da na ga ya rame har zoben hannunsa na zamewa, ya riƙe hannuna ya ce yana da wasiyya. Ya ce duk wata waƙarsa da ke wayata in goge, kuma in bi waɗanda na tura wa su ma su goge, ba ya son yana kwance a kabari ana kaɗa shi a shaguna ana rubuta masa zunubi. Na so in mayar da abin wasa, na ce wa ma ke jin ka in ba ni ba, bai yi dariya ba. Na ce har ta Inna? Ya ce, "Da ita za ka fara. Ai ita ma ba ta taɓa so ba." Na ce na ɗauka, Allah ne shaida. Ba a jima ba ya rasu.

Kuma na yi, jama'a. Na goge nawa, na bi abokai ɗaya bayan ɗaya, har wani mai tura waƙoƙi a Mokolo sai da muka kusa ba hammata iska kafin ya goge. Na ɗauka na sauke nauyi. Ashe akwai wata tsohuwar memori da ke maƙale a jikin sifikar shago, wadda na cika da tarkace tun tuni na manta abin da ke ciki.

Wata rana Inna ta zo shago da manyan rigunan marigayi, tana so in rage su a ba jikokinta. Ina auna hannun riga, sifika na ta tsalle daga wannan waƙa zuwa waccan, sai ga muryar Hamadu. Na zabura zan kashe, ta ce, "Bar shi." Ta wuce bayan labulen da mata ke gwada kaya ta zauna a ƙasa. Matar nan ranar jana'iza ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, ita ce ma ke ba matarsa haƙuri. Amma ran nan ina jin ta ta bayan labule ta toshe baki da mayafi. Da waƙar ta ƙare ta ce in sake. Na sake.

Da ta fito ne ta gaya mini abin da ya hana ni sukuni har yau. Wai ranar wasan nan tana wurin. Ta ce wa mutanen gida za ta barka a Tsinga, ta je ta tsaya a bayan zauren wajen masu gasa ayaba, gindin taga, da aka ɗauke wuta ta ji komai tun daga farko har ƙarshe. Ta riga shi komawa gida. Da ya shigo ta tambaye shi ko ya ci abinci, shi ke nan. Ta ce mini, "Ɗana, mu ba a koya mana faɗar irin wannan ba."

Tun daga nan duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ta zo. Ta riƙo mini ƙosai a takarda, ta gaishe da maƙwabta, ta shige bayan labule ta ce kunna mini abokinka. Ni kuma in kunna in fita waje in tsaya wajen mai shayi kamar ɓarawo. Mai gyaran wayar nan da ba Musulmi ba ne ma ya gane, da ya hango ta zai kashe nasa kiɗan. Duk ranar da na danna abin nan ina jin hannun Hamadu a nawa, ina jin na ci amanar wanda ba ya da bakin da zai tuna mini. In na ce yau zan gaya mata, sai in ga yadda take fitowa fuskarta a sake tana gyara mayafi, sai in fasa. Ni da ba na iya aiki sai da kiɗa, yanzu sifikar ma tsoronta nake ji, kwana biyu a shiru nake ɗinki har kwastomomi na tambaya ko lafiya.

Kafin wani ya ce in yanke wajen maganarsa kawai in ba ta, na gwada. Akwai inda ya yi sallama ya gode wa jama'a kafin ya fara, na sa aka yanko mini, ta saurara ta ce ina sauran? Na nemo tsofaffin saƙonnin muryarsa, duk zagina yake a kan ɗinkin sallah, wai tela maƙaryaci. Ta ji ta yi dariya har da tafa hannu, sannan ta ce to yanzu sa mini tawa.

Na je wajen malamai biyu ban faɗi suna ba. Na farko ya ce alƙawarin da aka ɗaukar wa mamaci amana ce, in goge tun kafin in kai gida, ita kuma ta yi masa addu'a ya fi masa amfani. Na biyu ya ce in gaya mata gaskiya ta zaɓa da kanta. Da na kawo wa matata wannan shawarar sai da muka kwana biyu ba ma magana. Ta ce so nake in kashe tsohuwa, kuma ni na san tana da gaskiya. Domin na san Inna, in na ce ya bar wasiyya, tambayar farko da za ta yi ita ce har tawa? Ni kuma ban iya yi mata ƙarya tana kallona ba. Za ta gane ɗanta ya tafi yana zaton tana kunyar muryarsa, alhali tana tsaye a gindin taga. Za ta ce a goge, na tabbata, ko gardama ba za ta yi ba. Sai ta rasa waƙar, ta kuma kwashi wannan ta kai har kabarinta. Wani lokaci ina cewa da ya san ta je, da ya ce a bar mata. Amma wannan ni nake faɗa don in samu sauƙi, shi bai faɗa ba.

Da abin a shago ya tsaya, da wataƙila na ci gaba da lallaɓawa a haka ina istigfari. To yanzu 'yarta ta zo za ta tafi da ita Garoua gaba ɗaya, saboda ƙafa ta fara ba ta wahala, har sun kama wuri a jirgin ƙasa na Ngaoundéré, daga can su ƙarasa a mota. Juma'ar da ta wuce ta zo da ƙaramar rediyo mai cin memori, sabuwa a kwalinta, ita da kanta ta taka har Mokolo ta zaɓo. Ta ce in zuba mata a ciki, in nuna wa jikarta inda ake dannawa. Gidan da za ta koma cike yake da samari da 'yan mata kowa da waya. In waƙar nan ta fita daga shagona ta fita ke nan, kafin wata ya ƙare tana kan status, ƙila ma a nan group ɗin wani ya saka ta ku yi ta yabawa. Abin da ya roƙe ni da ƙarshen numfashinsa ke nan kada ya faru.

Na ce mata to Inna, ki bar ta zan duba. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. Ta ce, "Kada ka manta, ɗana. Ka sa mini Hamadu." Tun muna yara muna wasa a lungu har na yi furfura a gemu, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ran nan.

Juma'a mai zuwa za ta zo karɓa, washegari su tafi. Ga rediyon nan a kan kekena ban ko buɗe kwalin ba. Kuma don Allah kada wani ya bi admin wai a tura masa waƙar ya ji kafin ya ba da shawara, ba za ta fita ba. Ku dai gaya mini. In zuba mata in ci amanar abokina? In gaya mata gaskiya in karya mata zuciya? Ko in ce memorin ta lalace, in yi wa tsohuwa ƙarya in sallame ta da rediyon da babu ɗanta a ciki? In ku ne, me za ku miƙa mata ranar Juma'a?