Ƙullin Gwanki

Doguwa,
Laraba, bayan girbin dawa.

Zuwa ga Hamman,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Fatima da yara da shanu. Ya zaman Kachia? Mu nan sai godiyar Allah. In ka ga rubutu mai kyau kada ka ce Kaɗo ya shiga boko da tsufa. 'Yata Saudatu ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Ɗana Muzammil ya ce in kira ka a waya, na ƙi. Maganar waya iska ce, kai kuma gwanin musu ne.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ka kora shanunka ka tafi ba sallama. Ban neme ka ba, don ba ni na yi laifi ba. Yau ma ba ban haƙuri na zo yi ba. Maganar igiya ce.

Ban daina ba. Duk ruwan shuka nakan tufka sabuwar igiyar rama in rataya a zaure, kamar yadda muka faro ni da kai. Duk irin naman dajin da ido ya gani a shekarar, ƙulli ɗaya. Sawu ba ya shiga, kuka ba ya shiga, mushe ba ya shiga. Ta bana ce ta talatin da tara. Ka tuna ta farko? Ƙulli ashirin da bakwai, sai da muka yi mata ƙari. Ɓauna, kanki, mazo, gyado, beguwa, har kyarkeci. Ta bara tara. Ta bana biyar, Hamman: zomo, kurege, biri, gada, sai gwanki.

E, gwanki na ce. Shekara goma sha shida rabona da shi. Na gan shi a tsallaken Rafin Ɗinya da sassafe, inda muke shayar da shanunka, yana tsaye, kunnuwa a miƙe. Na koma sau uku, sau uku ina samun sa. Ban matsa kusa ba don kada ya firgita ya bar mana dajin.

Ba wanda ya yarda. A ƙofar masallaci sai murmushi suke yi. Muzammil, da na yi wa rawar jiki ranar sunansa, ya ce wai yana ce ta rufe mini ido, har na yi wa turken jaki sallama. Sau ɗaya ne kawai, kuma rana ce ta haske ni. Saudatu tana dariya, na ce ta rubuta yadda na faɗa.

Kai kaɗai ka rage wanda ya san gwanki da ido. Ka aiko mini da takarda ka ce yana iya dawowa, in kai musu a karanta a gabansu. Direban da ke ɗauko shanu ne zai kawo maka wannan.

Ka gaida Fatima. Ni ne,
Maikano.

Doguwa,
Asabar, tsakiyar rani.

Zuwa ga Hamman,

Bayan sallama da tambayar lafiyarka da ta iyali, takardarka ta iso. Na ji daɗi da ƙafarka ta yi sauƙi. Sauran abin da ke ciki ban ji daɗinsa ba.

Shaida na roƙa, sai ka aiko mini da tsohuwar rigima. Wai shekarar auren Saudatu ka ga damisa a kan dutse kai kaɗai, ka sheƙo a guje ka gaya mini, na hana ta ƙulli, na ce a gaban mutane karen rugarku ka gani. Wai yanzu wa ya shaida gwankina? To na faɗa, ban musa ba. Amma wannan ne zai sa mutum ya bar garin da ya yi shekara talatin? Ka ce ciyawa ce ta ƙare shi ya sa ka tashi. Ni dai na san ko nonon sallama ba ka aiko ba.

Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba sai wadda ke riƙe da biron nan. Makon jiya na faɗa ramin masu gawayi a hanyar rafi. Allah ya sa wutar ta mutu, gwiwa kawai na goge. Ban ga ramin ba, Hamman. Duniya ta zama mini kamar ɗakin da aka hura ɗanyen itace. Injin yankan itace kuwa ina jin kukansa daga asuba zuwa la'asar. Na kai ƙara wurin duk wanda ƙafata ta iya kai ni, kowa sai ya ce to Baba, za a duba, ya raka ni bakin ƙofa.

Saudatu ce ta ci ni da magana. Ta ce, Baba, in idonka ne ya yi rauni, ai ka ga namun suna nan, kai ne ba ka ganinsu. Kwana uku ina juya wannan magana. Watakila mazo yana wucewa ta gabana ina ce masa inuwa. Watakila igiyata ce ta yi ƙarya, ba dajin ne ya ƙare ba. Wallahi na gwammace haka.

Don haka na yarda Muzammil ya kai ni Kano a kankare yanar. Kada ka ce na bi maganar yaro. Don igiya zan je. In na dawo zan cika ta kafin ruwa ya sauka, in aiko maka da lissafi ka ji kunya.

Ka sa ni a addu'a. Naka,
Maikano.

Doguwa,
Litinin, hadari ya fara haɗuwa.

Zuwa ga aminina Hamman,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kai da Fatima. Na gode da man shanun da ka aiko.

An yi aiki, an dace. Da aka cire audugar na ga furfura a kan Saudatu, ban san tana da ita ba. Likita ya ce in yi sati shida ban shiga rana ba. Na yi huɗu, na sa Muzammil ya ɗauke ni a babur zuwa Rafin Ɗinya da hantsi.

Ina gani yanzu, Hamman. Daga bakin rafi ina hango duwatsun da sai mun yi tafiyar rabin yini a cikin duhun itatuwa muke ganinsu. Ba abin da ya tare su. Kututture ne ko'ina, da baƙaƙen ramuka, da buhunan gawayi an jera ana jiran mota. Ɗinyar ma babu.

Gwankin yana nan inda na bar shi. Na tsallaka na dafa shi. Kututturen ƙirya ne da inji ya yanka a karkace, ɓaraguzai biyu suka tsaya a sama kamar kunnuwa. Wata biyar ina sanɗa don kada in firgita shi. Muzammil bai yi dariya ba, ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba a jikin babur. Da ya yi dariyar da ya fi mini sauƙi.

Mun zauna har azahar. Ko kurege bai gilma ba.

Da muka dawo na sauko da igiyar bana. Tun da muka fara ban taɓa kwance ƙulli ba. Na ɗaure shi tamau don murna, farce ya kasa, sai da na sa haƙori. Saura huɗu. Gadar ma ban sani ba ko akuyar wani ce, na bar ta don ba ni da ƙarfin kwance biyu a rana ɗaya.

Ga ƙunshi nan wurin direba. Igiyar shekarar auren Saudatu ce. Ka ƙirga, za ka samu ashirin da ɗaya, a da ashirin ne. Sabon ƙullin na damisarka ne. Ni da na ɗaura wa itace ƙulli ba ni da bakin hana ka.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka sa a rubuto mini yadda ka gan ta, a hankali, kada a bar komai: wane dutse, ina rana take, yaya ta kwanta, ta dube ka ko ba ta dube ka ba. Ran nan ban saurara ba. Yanzu ga ido an gyara mini, ba ni da abin da zan kalla da shi.

Na tufka igiya ta arba'in jiya. Saudatu ta ce ta yi gajarta. Taƙi ɗaya ce. Za ta isa.

Ka gaida Fatima da yara. Allah ya sada mu da alheri. Ni ne Kaɗonka,
Maikano.