Wa Ya Bar Ƙofar Shingen Mista Tomas a Buɗe?

Zuwa ga Uwargida Shugabar masu hana farauta ta Kudancin Landan,

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigida da samarin nan naki masu gashi har kafaɗa da kike turowa dawa kowace Asabar. Ina yi wa wanda ya suma sannu ta musamman, Allah ya sa ya farfaɗo sarai.

Sunana Garba. Ba ki san sunan ba amma kin san fuskar, tunda ke kika sa aka buga ta a takarda aka manna a tashar bas ta Rye Lane. Ni mutumin ƙasar Ningi ne a Arewacin Nijeriya. Kuɗin mai ne ya yi wa gwamnatinmu yawa har ta rasa inda za ta zuba shi, sai ta kwaso mu ta turo Landan kwas na aikin wayar tarho. Ina zaune a Peckham da matata Ladi da 'ya'yanmu biyu. Na rubuta miki da Hausa ne don Turancina na aji ne, da zarar raina ya ɓaci sai ya gudu ya bar ni. Ki nemi ɗalibi ɗan ƙasarmu ya karanta miki, ki kuma ce masa kada ya tausasa ko kalma ɗaya.

Ga abin da ya kawo ni. Bindigata da lasinta suna hannun 'yan sanda, kuma wata mai kamawa za su yanke ko su mayar mini ko su riƙe har abada. Maganar yaranki ce ta kai su can. Bari in jera miki yadda aka yi, don na lura ba su gaya miki duka ba.

Na ɗaya. Ni ba mai tsallake shingen mutane ba ne. Mahaifina Sarkin Baka ne a garinmu, wato shugaban maharba, kuma na riƙe baka tun ban iya ɗaure wando ba. Da na zo garin nan na tarar naman da aka yanka da sunan Allah sai ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ka sauka ka shiga bas, ka isa ka samo wani abu daskararre wanda ba ka san shekarar da ya baro duniya ba. Ladi ta dafa ta dafa, ya ƙi ya zama nama. Ana haka wani malaminmu na kwaleji ya ji labarin sana'ar gidanmu, ya haɗa ni da kawunsa Mista Tomas, tsohon manomi a Kent, wanda zomaye suka hana shi cin moriyar kabejinsa. Na nemi lasin kamar kowa, ɗan sanda ya zo har flat ɗinmu ya duba inda zan kulle bindiga, Ladi ta ba shi shayi ya sha. Mai gona ya ba ni izini da bakinsa da hannunsa. Abokina Dauda, ɗan Jos, mai aikin jinya, shi ke kai ni a motarsa. In harbi biyu ko uku da bisimilla, wanda na tarar da sauran rai in yanka, mu raba da Dauda, mu bar wa tsoho ɗaya. Iyakar farautar ke nan da ta hana ƙungiyarki barci.

Na biyu. Ranar da na fara haɗuwa da yaranki, na karɓe su da mutunci, kuma ina so a rubuta wannan. Ina tsugune a bakin ramukan zomaye sai na ji an busa ƙaho daga cikin kurmi, busa mai tsawo a jejjere. A wurinmu in maharbi ya ji ƙaho haka a dawa, ɗan'uwansa ne ya shiga uku, ko ya ji rauni ko ya ɓata hanya, kuma abin kunya ne ka ji ka zauna. Na tashi da gudu, na faɗa ƙaya, na yaga wandon da na sayo sabo. Ina isa na tarar da samari da 'yammata cikin wando mai faɗin ƙafa kamar buhu, ɗaya na hura ƙaho har jijiyar wuyansa ta tashi. Na duba, ba mai rauni. Na ce to, maharban Turawa ne da ba su yi sa'a ba yau. Al'adarmu kuwa duk wanda ya tarar da kai da nama a dawa yana da rabo. Na ciro zomo mafi ƙiba na miƙa wa wata yarinya da hannu biyu. Wallahi ihun da ta yi sai da karen Mista Tomas ya shige ƙarƙashin mota. Sai da muka kama hanyar gida Dauda ya yi mini bayanin ko su wane ne, yana dariya har ya kusa kai mu cikin lambatu.

Na uku. Daga nan ba mu sake samun Asabar mai daɗi ba. Su tsallake shinge su shigo gonar da ba ta ubansu ba, su tattake kabejin da suka ce zomaye na da haƙƙi a kai, su buga tukwane, su hura usur. Suka fesa wani ruwa mai ƙamshin alewa a ciyawa, karen tsoho ya wuni yana atishawa. Wani ya bi ni a baya yana yi mini wa'azi a kan rai, da takalmin fata a ƙafarsa da ɗamarar fata a ƙugunsa. Ban san ko saniyar da aka jeme da kanta ta kawo fatar ba. Ban tanka musu ba, don ni baƙo ne, kuma da takardar gwamnati na zo.

Amma Uwargida, akwai abin da nake son ki warware mini. Bayan wani tudu kusa da gonar, attajiranku masu jar kwat suna fitowa da garken karnuka, su kori dila ɗaya wuni guda, karnuka su yayyaga shi, ba mai ci ko loma. Na tambayi ɗaya daga cikin yaranki me ya sa suka daina zuwa can, ya ce mutanen nan suna da bulala da lauya. Madalla da gaskiya! Ni ba ni da bulala, ba ni da lauya, sai tukunyar Ladi. Shi ya sa jarumtar duk ta ƙare a kaina.

Na huɗu, kuma nan ne maganar take. Asabar ɗin da abin ya faru, yaranki sun gaji da tsallake shinge, sai suka buɗe ƙofar makiyayar tumakin Mista Tomas wadda take fuskantar titi, suka shigo a jere suna waƙa. Ba wanda ya juya ya rufe. A ƙauyenmu yaro ɗan shekara biyar ya san in ka buɗe garke sai ka rufe. Naki kuwa, masu digiri a kan son dabbobi, suka bar ta a wangame, suka ɗora da ƙaho da tukwane. Tumaki suka firgita suka kwarara titi. Na ji ƙarar birki. Da na isa, wata babbar mota ta take tunkiya guda, ƙugunta ya karye, hanjinta a waje, tana shure-shure tana kallon mutane. Ɗanta ƙarami yana gefe yana kuka.

To me ɗan Musulmi, ɗan maharba, zai yi? Abin da kowa a garinmu zai yi ba tare da ya tsaya tunani ba. Dabba tana shan azaba, dukiyar maƙwabci tana shirin zama mushe, ga wuƙa a ƙuguna. Na jingine bindiga a shinge, a buɗe, ba harsashi. Na zare wuƙa. Dauda ya ruga kiran tsoho, don haka ba ni da mai riƙe mini ƙafafu. Na ɗaga kai na ga masoya dabbobi sun yi da'ira suna kallo, wasu na kuka, ba mai matsowa. Na yafito wani dogo mai gemu na ce ya zo ya riƙe, mu juya ta alƙibla. Gaskiya ne da hannun da wuƙar take na yafito shi, don ɗayan yana danne da wuyan tunkiya, kuma hannu biyu Allah ya ba ni. Dogon nan ya dubi wuƙa, ya dubi jini, ya zube kamar an sare rama. Ni kaɗai na juya ta, na yi bisimilla, na yanka, ta huta. A daidai lokacin ne wata ta samu ƙarfin hali ta ɗauki hoto. Ashe hannun da ya kasa riƙe ƙafar tunkiya yana iya riƙe kyamara ba rawa.

Mista Tomas ya iso da sandarsa, ya daɗe yana kallon tunkiyar. Ya ce da shi ne ma da harbe ta zai yi, kuma ya gode da ban bar ta ta daɗe ba. Ya ce dokarsu ba ta yarda ya sayar da naman ba, wanda ni ban sani ba sai ranar. Ya tambayi wa ya buɗe ƙofa. Kai, ban taɓa ganin mutane sun zama kurame gaba ɗaya haka ba! Amma da 'yan sanda suka zo, bakin kowa ya buɗe. Suka ce baƙin mutum ya zare musu wuƙa yana ɗauke da bindiga. Nan take aka karɓe bindigar da lasin.

Na biyar. Kwana kaɗan sai ga hotona a bango, ina durƙushe jini har gwiwar hannu, da rubutu a ƙasa wai ga yadda maharba ke yi wa tumaki. Babbar motar ba ta fito a hoton ba, ƙofar ma ba ta fito ba. Ladi ce ta fara gani, ta je sayen doya, ta dawo ba doyar, ta shiga ɗaki ta rufe. 'Yata Binta ta dawo daga makaranta ta tambaye ni da Turanci ko gaskiya ne ni mugu ne. Wannan ya yi mini ciwo, Uwargida, ya fi karɓe bindigar ciwo, kuma ba zan ɓoye miki ba. Ranar Juma'a kuwa na je masallacin Regent's Park, tun daga bakin ƙofa 'yan'uwa suka tarbe ni da Sarkin Fawan Peckham, wani likita har yana cewa in ajiye masa kai da ƙafa. Na yi dariya tare da su, na dawo gida ban ci abinci ba.

Yanzu ga buƙatuna, ba su da yawa.

Ki tara yaranki ki tambaye su wa ya buɗe ƙofar nan bai rufe ba. Sun san shi, ni ma na san shi, jar hula gare shi, amma maganata ba ta da nauyi a ofishin 'yan sanda kamar taki. Ki je da kanki kafin wata ya kama ki faɗa musu bindigar tana jingine a shinge, kuma taimako na nema da wuƙar nan.

Ki sa a ɓamɓare hotona daga bango. In kuwa kuna ƙaunarsa ƙwarai, ku ƙara motar a gefe.

Ki turo biyu daga cikin masu kukan nan su taya tsoho shayar da marayan ɗan tunkiya. Mutum ne mai ciwon gwiwa, matarsa ta rasu, shi kaɗai yake durƙusawa da bulumboti. Tun ranar ba wanda ya leƙa daga cikinku, ko da ƙaho.

Sai abu na ƙarshe, wanda nake so ki karanta a zaune. Na je gaida Mista Tomas makon jiya. Tunda aka karɓe bindigata zomaye sun cinye masa rabin fegi, kuma shi da kabejin nan yake ci. Ya ce zai jira hukuncin 'yan sanda saboda ni. In suka mayar mini, mu ci gaba yadda muke, biyu ko uku a mako, sauran su yi ta haihuwarsu. In suka hana, ya riga ya yi magana da masu feshi. Za su zo su toshe bakin ramuka duka, su hura iskar guba a ciki. Uwa da 'ya'ya da masu ciki, duk wanda ke ƙarƙashin gonar nan zai mutu a rana ɗaya, cikin duhu, ba mai ambaton sunan Allah a kansa, ba mai cin namansa. Doka ta yarda, kuma ba jinin da za a ɗauka hoto. Na roƙe shi ya ƙara haƙuri, ni maharbi, ni ne na tsaya ina roƙa wa zomaye rai. Ya ce ba ni zan roƙa ba, ke ce.

Saboda haka zomayen nan suna hannunki, ranki ya daɗe. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya ba yaranki ƙarfin zuciyar kallon abin da suka jawo, ya koya musu rufe ƙofa. Allah ya sa ƙafarki ta riga motar masu feshi isa inda ya kamata.

Wassalam.

Garba ɗan Sarkin Baka,
Peckham, Landan.