Hayaƙi a Ɗakin Sule

Ƙanena Sule,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, ina iyali, ina Kumasi? Mu a ƙasar Kiru sai godiya.

An naɗa mana sabon dagaci. Ya fara da rushe duk ɗakin da ba kowa, wai macizai sun ishi gari. Inna ta dinga hura wuta a naka, don a ga hayaƙi. Da ya tambaye ni a gabanta, na ce ko sallahu ba ka taɓa aikowa ba. Tana riƙe da ƙyauren aka ture bangon.

Kada ka yi gaggawar dawowa, awakina sun samu wurin kwana.

Gai da matarka. Ka sa Inna a addu'a, in ka tuna ta. Har yanzu tana share filin.

Yayanka Audu