Bisimillar Baba a Bakin Ƙofar Wata Mata

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Idan wannan littafi ya faɗa hannun wani, ko matata Wasila ta ci karo da shi wajen shara, ina neman afuwa bisa ɓata masa lokaci. Ba don a karanta nake rubutawa ba. Abin da ban sa a takarda ba, sai ya yi ta kai-kawo a kaina har ya hana ni aiki.

Yau na kammala ɗan littafin Faransancin da na saya a bakin kasuwar Dole, na ja layi ƙarƙashin kowane mataki da jan alƙalami. Tsarin shi ne: mutum ya yi zane a kwamfuta, ya ɗora a shafin wani kamfani na ƙasar waje. Wanda ya gani ya so sai ya biya, kamfanin ya buga zanen a kan riga ya aika masa, a ware wa mai zane rabonsa. Babu sayen yadi, babu tela, babu kaya jibge a ɗaki. Aikin buga takardu da nake yi a shagona ya ja baya, tunda kowa yanzu a salularsa yake rubuta takardar neman aiki. Littafin ya ce a nemi zanen da babu wanda yake da irinsa. Ina ganin ina da shi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na je Birni, gidanmu na gado inda Yaya Falmata take zaune, na ɗauki hoton fuskar zaure. Marigayi Baba, Malam Bukar magini, shi ya yi zayyanar da hannunsa: dagi a dama da hagu, shuɗi da ja da fari, sannan Bisimilla a saman ƙofa, haruffan a kumbure cikin yaɓe. Daminar bana ta ci gefe guda, amma tsakiyar tana nan.

Yaya ta leƙo ta ce, "Tahiru, mutane sun ƙare ne a gidan, sai bango kake ɗauka?" Na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara tana tsince wake. Sai ta ce, "To sunan Allah da ke sama fa? Riga ai ana shiga bayi da ita." Na ce na riga na yi wannan tunani, ta kwantar da hankalinta. Na faɗa da ɗan ƙarfin murya, irin na wanda aka yi wa tambayar da ya shirya mata. Ta ce, "Kai ne ka yi lakwal, ka yi boko. Je ka yi."

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na raba aikin gida biyu, kuma ina alfahari da yadda na raba shi. Zane na farko dagi ne kaɗai, na cire rubutun gaba ɗaya, wannan na riguna ne. Na biyu cikakke ne da Bisimilla, wannan na hoton ratayewa a bango ne kawai. Na ɗora su duka, ina bin littafin mataki-mataki, yatsana a kan layi. A kowane zane akwai wani ɗan akwati da littafin ya ce kada a kuskura a bar shi ba a danna ba, domin shi ke faɗaɗa ciniki. Na danna.

Na tura adireshin shafin a zauren salula na dangi. An yi ta sa albarka. Kolo, taubashina mai shagon kayan salula kusa da nawa, ya shigo yana tafa hannu, yana kirana Mushe irin na Faransawa: "Mushe Takarda ya zama attajirin Turai. Idan jirgin ya iso, ni ne direba." Na ce masa wanda bai iya tuƙa ko moto mai ƙafa biyu ba tare da ya faɗa kwata ba, ba shi da maganar jirgi.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Babu wanda ya saya. Kuran ma ya ɗauke tun hantsi, babu wuta.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Saƙo ya shigo cewa an saya. Na miƙe tsaye a shago ni kaɗai, na yi hamdala. Sai na zauna domin in karanta a natse, in ga wace riga ce, wane launi.

Ba riga ba ce.

Ɗan akwatin nan da na danna, ma'anarsa a sa zanen a kan dukkan abin da kamfanin yake bugawa. Ni na ɗauka riguna ne iri-iri, masu dogon hannu da masu gajere. Ban taɓa gangarawa ƙasan shafin ba. Yau na gangara. Kofuna, matasan kai, safa, labulen wanka, ƙyallen da ake ɗaura wa kare a wuya. Kuma a kan kowanne akwai zane na biyu, cikakken.

Abin da aka saya shimfiɗar goge ƙafa ce ta bakin ƙofa. Wata mata ce a Beljiyam, harafin farko na sunanta kawai aka nuna mini.

Na cire zane na biyu daga kan komai. Amma wanda aka saya an riga an buga shi, an sa a hanya.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na rubuta wa kamfanin takarda mai tsari, na roƙi a tsayar da kayan ko a ba ni adireshin matar. Amsa ta dawo nan take, wadda ta nuna ba mutum ne ya karanta ba. Suna godiya da tuntuɓa. Ba sa bayar da adireshin mai saye. Suna fatan na ji daɗin hulɗa da su.

Na sake duba littafin daga farko har ƙarshe. Babu shafin da ya yi maganar yadda ake dawo da abu.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

A ƙofar masallaci na tsaya ina kallon yadda mutane ke karkaɗe takalma kafin su cire. Wani tsoho ya sunkuya ya tsinci guntun takarda mai rubutun Larabci, ya hure ƙasar, ya cusa a tsagar bango. Abin da kowa yake yi ne, ni ma tun ina yaro nake yi. Yau sai na kasa kallonsa.

Wasila ta ce, "Baban Ilham, tuwon nawa ne ya yi laifi, ko bakinka ne?" Na ce ciki ne. Ta kawo jiƙo. Na sha, tunda ni na jawo.

Talata, 12 ga Nuwamba

Kayan ya isa. Matar ta rubuta yabo a shafin, har da hoto. Ƙofa ce koriya, da tukunyar fure a gefe. Shimfiɗar tana ƙasa. Takalman ruwa guda biyu, ƙanana, na yaro, suna tsaye a kan rubutun. Ta ce zanen ya burge maƙwabtanta, tana son sanin daga wace ƙasa yake.

Ina cikin kallo Kolo ya shigo da salularsa a hannu. Ashe yana leƙa shafin kullum domin ya sami abin tsokanata. Na jira ya fara. Bai fara ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya rufe ƙofar shagon da ƙafa. Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Wa ya gani?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Dangi sun sa albarka sun wuce, ba mai komawa. Share shagon nan naka na kan shafin duka yau. Hoton ya tafi, maganar ta mutu. Ni ban ga komai ba."

Na nuna masa cewa ƙarƙashin yabon akwai wurin da mai zane zai iya ba da amsa, kuma wannan ce kaɗai hanyar da magana za ta kai ga matar. Sai dai amsar a fili take, duk wanda ya buɗe shafin zai karanta. Idan na share shagon, wurin amsar ma ya tafi.

Kolo ya ce, "Kana so ka rubuta da hannunka cewa ka shimfiɗa sunan Allah a ƙasa, a inda duk Damagaram za ta karanta? Kai da limamai ke kawo wa takardunsu ka buga? Gobe wani ya ɗauki hoton ya watsa, ina za ka sa kanka?"

Gaskiya ya faɗa.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na kai yatsana kan wurin sharewa. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata. Ban tabbata ba.

Idan na share, ba wanda zai sani. Yaron zai ci gaba da dawowa daga lakwal yana goge taɓo.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na bi ta Birni har sau biyu ban shiga ba. Karo na biyu na tsaya nesa ina kallon saman ƙofar. Na tuna Baba ba ya fara wannan rubutu sai da alwala, ko da kuwa hannun zai koma cikin laka. Muna yara muna ganin abin dariya ne.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na shiga.

Na tsara yadda zan fara, da gabatarwa da bayanin ɗan akwatin, domin Yaya ta gane ba ganganci ba ne. Ban kai rabi ba Yaya ta ce, "Bar ni da akwati. Nuna mini." Na miƙa mata salula. Ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana kallo. Na ji kunnuwana suna zafi kamar yaron da aka kama a rumbu.

Ta ce, "Ƙofarta a share take." Can kuma ta ce, "Takalmin yaro ne." Sannan ta ajiye salular a kan cinyarta, fuskar tana kallon sama, ba ta kife ta ba.

"Ita ba ta sani ba, Tahiru. Ba ta da laifi. Kai na tambaya, ka ce mini ka yi tunani."

Na ce haka ne, Yaya.

Na gaya mata shawarar Kolo, har da dalilansa, ban rage komai ba, wataƙila ina fatan ta ce a bi. Ta ce, "Kolo tun yana ƙarami idan ya fasa kwano ƙarƙashin gado yake turawa." Ta gyara zama. "Kunyarka a Damagaram take. Abin kuwa yana can a ƙasa. Wanne ne za ka ɗaga?"

Na ce mutane za su yi magana. Ta ce za su yi, ita ma za ta yi, ba ta gama da ni ba. Amma a fara ɗauke shi daga ƙasa tukuna.

Na ce zan koma shago in tsara takardar yadda ya kamata. Ta ce ba inda za ni. "Kai idan ka tsara, sai matar ta zaci kotu ce ke kiranta. Rubuta kamar maƙwabciya za ka yi wa magana. Gaishe ta. Gaishe da yaron." Haka muka zauna a zaure, tana faɗa da Hausa ina juyawa Faransanci. Duk inda na sa kalma mai nauyi sai ta ce in maimaita mata, ta ce in cire. Da na zo sa hannu na tsaya. Ta ce, "Sunanka da na ubanka. Aikinsa ne."

Na tura daga nan zauren. Ban sake karantawa ba, ni da ko takardar haya sai na bi ta da yatsa kafin in miƙa. Ban san abin da ya same ni ba. Ta zubo mini dambu, na cinye, na karɓi ƙari.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Wani ɗan kawunmu ya gani, ya sa a zauren dangi. Wasu sun yi salati, wani ya yi mini wa'azi mai tsawo da murya, na saurara har ƙarshe. Liman guda bai aiko da takardarsa ta wannan mako ba. Wasila ta karanta, ta ce, "Shi ne ka bar ni ina ta dafa jiƙo?" Kolo ya dawo da tsokana, yanzu Mushe Akwati yake kirana. Na buɗe shago kamar kullum, ban rufe ƙofa ba.

Matar ba ta amsa ba tukuna. Ina kwafe abin da muka rubuta a nan, da Hausar da Yaya ta faɗe shi:

Madam, muna gaishe ki da mutanen gidanki, muna gaishe da mai ƙananan takalma. Kin tambayi inda zanen ya fito. Daga Zinder ne, ƙasar Nijar, daga saman ƙofar gidanmu, mahaifinmu ne ya yi shi da laka. Rubutun da ke tsakiya sunan Allah ne, mu ba ma ajiye shi a ƙasa. Ba laifinki ba ne, ni ne na yi kuskure wajen ɗorawa. Ki yi haƙuri da damun ki da na yi. Ina roƙon abu uku.

1. Ki ɗauke shi daga bakin ƙofa yau, idan kin karanta wannan.

2. Ki wanke shi da ruwa mai tsabta, ki rataye a bango, ko ki naɗe ki sa a saman kabad. Kada a jefa shi a shara. Idan ba kya son ajiye shi, ki faɗa, zan nemi yadda zai dawo gida.

3. Ki zaɓi riga mai zanen da babu rubutu, taki da ta yaron, in sa a aiko miki a madadinsa.

Ina jiran amsarki a rubuce a nan ƙasa, ko da kalma ɗaya ce, domin in kai wa yayata.

Tahiru ɗan Malam Bukar magini, Birni, Zinder.